Zoben da Ban Gama Ba

(Independence, Misuri, bazarar 1855)

Tun asalatu nake taka zuga-zugi,
gawayi ya yi ja, uwar maƙera na kuka,
amalanken shanu sun yi layi har bakin rijiya,
kowane hanci na kallon yamma.

Ni ke ɗaura wa ƙafar amalanke ƙarfe.
Ni ke ɗaga kofaton takarkari in buga masa takalmi.
Mai zuwa Oregon, da wanda zinariya ta yi wa fito,
duk sai sun tsaya gabana kafin ayari ya tashi.
Amma lada ba ta san hanyar tafina ba.
Mista Tolliver ke ƙirga ta ranar Asabar,
ya ce, "Hezekiya, hannunka akwai albarka,"
ya jefo mini ƙullin taba da ƙashi ba nama.

Suna cewa ƙasa ce Allah ya shimfiɗa musu,
fili fetal, babu mai shi.
To, tsohuwar nan Bashawniya fa,
da ta kawo tukunya mai huda a gindi?
Ta ɗaga mini yatsu uku:
sau uku ana tashinsu, tukunyar na bisa kanta.
Na liƙe hudar, ta biya da masara kunne huɗu,
ta tambaye ni ko yamma tana da ƙarshe.
Na ce, Iya, ni ban taɓa ganin bayan wancan tudun ba ma.

Shekarar da aka buɗe Tekzas
kuɗinmu ya tashi tare da na alfadarai.
Sabuwar ƙasa baƙa wuluk, auduga na neman hannu,
dillali ya zo da farar hula da littafin bashi.
Mako guda kafin nan an sa ni aikin sarƙa,
mai tsawon gaba goma sha biyu.
Na ɗauka ta jan gungume ce.
Na gyara ta, na goge ta, har na yi alfahari.
Da safiyar Talata na ga alamar masabata
a wuyan hannun Dokas.
Filis na goye, tana tsotsar yatsa.
Shekara tara ke nan.
Yanzu ta isa ɗaukar buhu a gonar wani,
in tana raye, in zazzaɓi bai riga ya kama.

Fasto ya ce manya sun taɓa ja layi a taswira:
sama da shi ɗa, ƙasa da shi bawa.
Bara sun share layin da hannun riga.
Kwanan baya maza suka cika dandali,
barasa a gora, bindiga a kafaɗa,
za su ƙetara Kansas su jefa ƙuri'a
a ƙasar da ba su taɓa kwana ba,
don a san ko irina zai shiga can da ƙafarsa
ko da igiya.
Dawakinsu ma ni na yi wa takalmi.
Kura ta tafi shari'ar akuya,
akuyar ce ta ɗaura mata sirdi tana rawar jiki,
ba wanda ya ce da ita ga wurin zama.

Kansas tafiyar rabin yini ce.
Da magariba ina ganin rana ta faɗa can
kamar ƙarfen da na tsoma a ruwa,
sai dai ba na jin ƙarar.

Jiya an sake kawo aikin sarƙa.
Na ce to.
Wuta ta san abin da baki bai faɗa ba:
tun daga waccan Talatar,
cikin kowace sarƙa da ta bar hannuna
akwai zobe ɗaya, na bakwai daga ƙarshe,
na shafe shi da toka, ya yi kama da 'yan'uwansa.
Dare uku na murɗawa ya ishe shi.
Shi kaɗai ne aikina da na ƙi gamawa,
kuma shi kaɗai nake so a tambaye ni
ranar da za a tashe mu gaban Mai Sama.